Wa Ya Ƙara Wa Kwamfutar Wuta?

Ƙauri ne ya fara ba da labari. Da mai shagon haɗa bidiyo ya ɗaga ƙofar ƙarfe da safe, sai warin ƙonanniyar waya ya bugi hancinsa. Ya nufi babbar kwamfutar da ke kan tebur, ya danna maɓalli. Fankokin cikinta suka yi rabin juyi suka tsaya, kamar shure-shuren kazar da aka riga aka yanka. Ya sake dannawa. Ko motsin ma bai ƙara samu ba.

Duk layin shagunan sun san mutumin nan da suna Yanzu-Yanzu, don tunda yake bai taɓa cewa a yi masa abu gobe ba. Kwamfutar kuwa ita ce shagon, sauran duk kujeru ne da labule. A cikinta akwai bidiyon wata makaranta da ya rantse zai miƙa a ranar. Ya fito bakin ƙofa, ya ɗora hannu a ka, ya kwarma ihu cewa an kashe shi.

Nan da nan layi ya cika. Tela ya bar kekensa, mai sayar da caja ya bar teburinsa, masu gyaran waya suka fito da sukuddireba a hannu. Babu wanda ya ga komai, amma kowa ya san wanda ya yi. Mai Gyara ne, mai rumfar gyaran kwamfuta. Baƙo ne a layin, ba shi da uwa ba shi da uba a garin. Shi ya haɗa kwamfutar da hannunsa. Jiya kuma, ranar da layi ke hutu, an gan shi ya shiga shagon don ya gyara firinta, kuma har yanzu makullin shagon yana aljihunsa.

"Halinsu ne," in ji Tela. "Su cire maka mai rai, su sa maka gawa, su ce ƙaddara."

Aka jawo shi daga rumfarsa. Kafin Ciyaman na layin ya iso, an fasa masa leɓe. Ciyaman ya raba, ya tura shi ɗakin ajiyar kaya ya rufe, ya je ya danna wa rumfarsa kwaɗo. Sannan ya ce, "In la'asar ta yi ba a sami wata magana ba, 'yan sanda za su tafi da shi, rumfar kuma a ba wani. Amma ba na kiran hukuma sai na san abin da zan faɗa musu. A kira mini Baba Mai Sawu."

Baba Mai Sawu ya tsufa ne a bayan shanun sata da ɓarayin da ke haura katanga. Da gwiwa ta fara yi masa gardama, ya dawo gari ya zauna. Ba ya son surutu, ba ya son a taɓa masa ƙasa kafin ya duba. Autarsa ce ke aiki a shagon da abin ya faru, ita ke zama gaban kwamfutar tun safe har yamma.

Ya zo da sandarsa, ya ji bayani, ya yi tsaki.

"Ciyaman, kwamfuta tana da kofato ne?"

"Ba ta da shi, Baba. Amma wanda ya kashe ta yana da ƙafa."

"To ku fita. Duk ku fita, kun tattake mini wuri kamar garken tumaki."

* * *

Ya bar mutum biyu kawai a ciki, Yanzu-Yanzu da Auta. Auta tana zaune a kusurwa, ta sa hannuwa tsakanin gwiwoyi.

"Ke, yaushe kika bar nan jiya?"

"Da rana tsaka, Baba. Na kashe ta, na kulle, na tafi wurin ƙawata."

"Lafiya lau kika bar ta?"

"Lafiya lau."

Bai ƙara tambayarta ba. Ya durƙusa da ƙyar a bayan teburin, ya kai ido kan akwatin kwamfutar. Bai san komai na cikinta ba, bai kuma yi kamar ya sani ba. Abin da ya sani shi ya duba. Sukurorin da ke riƙe da murfin gefe, ƙura ta cika tsagar kowane ɗaya, ta yi kauri har ta daskare. Gizo-gizo kuma ya ja zare daga murfin zuwa bango, zaren ya tsufa har ya yi baƙi.

Ya miƙe ya duba saman akwatin, inda aka yi raga-raga don iska ta fita. Nan kuwa fes. Gefe da gefe duk ƙura, amma sama an goge shi tas.

"Wa ke goge-goge a shagon nan?"

"Wa zai goge?" in ji Yanzu-Yanzu. "Sai na yi ihu tukuna. Baba, ni dai a kama mini ɓarawona, yanzu-yanzu."

Mai Sawu ya fita bakin ƙofa ya gaya wa jama'a cewa ba a buɗe akwatin nan ba tun da daɗewa, don haka babu abin da aka cire, babu abin da aka musanya. Ya zaci za su watse. Ina! Mai caja ya ce, "To ai ya fi muni ke nan. Saita ta ya yi ta ƙone, don ya sayar wa mutum wata." Aka ce gaskiya ne, aka gyara tsayuwa. Wanda aka riga aka ƙi, ko ruwa ya shiga sai an ce ya ta da ƙura.

* * *

A ɗakin ajiya Mai Gyara yana zaune kan buhun wayoyi, yana danna leɓensa da gefen hannu. Mai Sawu ya jawo kwali ya zauna a gabansa.

"Yaro, ni ban yi boko ba. Ka yi mini bayani kamar kana yi wa jaki. Abin da ba a buɗe ba, yaya ake kashe shi?"

"Ta kan maɓallai, Baba. A ciki akwai wani ɗan abu kamar kan kwalba, furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar. Kamfani ya yanka masa gudun da zai yi. Amma ana iya shiga a ce ya ƙara gudu. In zai ƙara gudu, sai an ƙara masa ƙarfin wuta. In aka ƙara wuta, zafi ya tashi, kuma ba daidai suke tashi ba. Ka ƙara wuta kaɗan, zafi ya yi tsalle."

"Kamar san da ɓarawo ya koro da rana. Yana gudu, yana kumfa."

"Haka nan. Ni na ƙara masa gudun, ban ɓoye ba, mai shagon ne ya roƙe ni. Amma ƙarfin wutar na tsayar da shi a bolt ɗaya da ɗigo uku da biyar. Kowace irin furosesa da iyakarta, wannan irin kuma da fankar da ke kanta, nan ne bakin rijiya. Na sa ta aiki mai nauyi wuni guda ina kallo, zafin bai kai digiri tamanin ba. Na ce musu su riƙa duba lambar da ke gefen allo. In ta wuce tamanin da biyar, a tsaya a bar ta ta huta. In ta doshi ɗari, ita da kanta za ta rage gudu ko ta kashe kanta, don ta tsira."

"To in tana kashe kanta don ta tsira, me ya ƙone ta?"

"Sai in wani ya shiga ya ƙara wutar, ya kuma cire wannan kariyar. Akwai wurin cirewa. Na nuna shi, na ce kada a taɓa."

"Ka nuna wa wa?"

"Duk wanda ke tsaye a lokacin. Mai shagon yana kaina, yana ta cewa ƙara mata, ƙara mata. Na ce masa in na kai ta ɗaya da rabi, za ta yi masa gudu na 'yan sa'o'i, sannan ya binne ta. Auta tana nan. Maigadi ma ya shigo cajin waya, ya tsaya kallo."

"Jiya fa?"

"Da safe na gyara firinta. Auta tana aikinta, ban ko matsa kusa da teburin ba. Na koma ɗakina na kwanta. Ba ni da mai shaida, Baba, ni kaɗai nake kwana." Ya ɗago kai. "In aka kai ni caji ofis, ko an sake ni, wa zai ƙara miƙo mini kayansa? Mai gyara sunansa ne jarinsa."

"Ban tambaye ka wannan ba," in ji Mai Sawu, ya dafa sanda ya tashi.

* * *

Ya fara da Yanzu-Yanzu, don shi ne mai cewa ƙara mata. Ya same shi a bakin shago yana ba mutane labari karo na ba adadi.

"Kai ne ka so a ƙara mata wuta."

"Na so mana. Na sayi abu da tsada, ba zai yi gudu ba? Amma ni, Baba, ko inda ake shiga ban sani ba. Ni dai in ce a yi, a yi."

"Ina kake jiya?"

"Asibiti, wurin surukina. Tun safe har dare. Tambayi Ciyaman, a motarsa muka je muka dawo."

Ciyaman ya ce haka ne. Wannan hanya ta toshe.

Maigadi kuma ya same shi ƙarƙashin rumfar da yake fakewa, yana ta rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Mai Sawu ya nuna takalmansa na tayar mota.

"Wannan takalmin ya shiga shagon ta ƙofar baya, ya je har wurin soket ya tsaya. Ka daina rantsuwa, kada ta kama ka."

Maigadi ya yi wiƙi-wiƙi da ido. "Caji kawai na sa, Baba, da hantsi, yarinyarka tana nan. Ni da ko rediyona ban iya saitawa ba, ina ni ina kwamfuta?"

"Da yamma me ka ji?"

"Bayan rana ta karkata dai na ji fankar abin tana gurnani kamar jirgi zai tashi. Ƙofar baya a buɗe. Na ce Mai Gyara ne ya dawo."

"Ka gan shi?"

"To... gani dai, ban gan shi ba."

"Barci kake."

"Kishingiɗa ce, Baba."

"Da kishingiɗarka ka sa aka fasa wa mutum baki."

* * *

Lungun da ke bayan shagunan ƙasa ce mai laushi, kuma Allah ya taimaka 'yan kallo ba su bi ta nan ba. Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofar baya, ya bar idonsa ya saba. Ga tayar Maigadi, ta shiga ta fita. Ga sawun mage. Babu takalmin Mai Gyara ko ɗaya, shi ta gaba ya shiga.

Ga kuma sawun Auta. Wannan ba sai ya duba sau biyu ba, ya san shi tun tana tatata a tsakar gida, ƙafar dama tana ɗan kallon waje. Wurin aikinta ne, ba abin mamaki ba ne a ga sawunta. Har ya ɗaga kai zai wuce, sai wani abu ya riƙe shi.

Sawun ya fita, ya dawo, ya sake fita, ya sake dawowa. Duk a kan na Maigadi ya hau, wato bayan hantsi ne. A fita takun sakayau, da faɗi, irin na mai sauri. A dawowa kuwa ƙafar hagu ta fi nutsewa. Kuma a gefen hagu na kowane taku, ga wasu 'yan ramuka a ƙasa, kamar an dangwala da tsinke, bakinsu ya bushe ya yi ɓawo. Ɗigon ruwa ne. Ba na bokiti ba, don bokiti fantsama yake yi. Wannan ɗigo ne ɗaya bayan ɗaya, daga abin da ke narkewa a hannu.

Auta bahaguwa ce. Da hagu take ɗaukar komai, duk dukan da uwarta ta yi mata tana ƙarama bai raba ta da shi ba.

Ya bi ɗigon a hankali, ya wuce bayan shagon Tela, ya zagaya tulin kwalaye, har ƙofar matar da ke da firiza a ƙarshen lungu.

"A'a, Baba Mai Sawu da kansa! Saniyar wa ta shigo mini?" in ji Mai Ƙanƙara, tana goge hannu da zani.

"Ba saniya. Jiya layi na hutu, wa ya sayi ƙanƙara a wurinki?"

"Wa kuwa in ba 'yarka ba? Da yamma, har zuwa biyu, manya-manyan. Ta naɗe a tawul. Na ce ke Auta, kifi kike sayarwa yanzu? Ta ce kanta ke ciwo. Na ce wannan kai, ko na giwa ne. Lafiya dai ko?"

"Lafiya," in ji shi.

Ya koma ɗakin ajiya, bai zauna ba. Ya ce wa Mai Gyara, "In abin nan ya yi zafi, mutum ya ɗora masa ƙanƙara a kan ragar sama, me zai faru?"

Mai Gyara ya dube shi. "Lambar zafin za ta sauka na ɗan lokaci, mutum ya ɗauka ya yi dabara. Amma ƙanƙara narkewa take. Ruwan zai bi raga ya sauka kan allon da wutar ke bi. Ga wuta ta wuce iyaka, ga ruwa." Ya sunkuyar da kai. "Baba, wa ya ɗora?"

Mai Sawu ya ja ƙofa ya fita.

* * *

Ya kira Auta zuwa lungun. Bai yi mata tsawa ba. Ya kai bakin sandarsa kusa da ɗaya daga 'yan ramukan, ya bar ta a nan. Ta kalli ƙasa, ta kalli sandar.

"Kanki ya daina ciwon?"

"Baba..."

"Faɗi. Kada ki tsallake komai."

Ta faɗa, muryarta can ƙasa. Da rana Yanzu-Yanzu ya bugo mata waya daga asibiti, ya ce in bidiyon makarantar bai gama fita kafin safe ba, kada ta ƙara taka masa shago. Kwamfutar kuwa ta nuna ba za ta gama ba sai jibi. Ta tuna inda yatsun Mai Gyara suka bi. Ta shiga ta kai wutar ɗaya da ɗigo huɗu, gudu ya ƙaru, bai isa ba. Ta kai ɗaya da rabi. Lambar zafi ta haura casa'in da biyar, kwamfutar ta ɗauke. Ta kunna, ta sake ɗaukewa. Sai ta cire kariyar.

"Wadda aka ce kada a taɓa."

"Na ce in dai na sanyaya ta, ai shi ke nan. Kamar yadda Inna ke sa mana ƙanƙara gaban fanka in ana zafi. Kuma ta sauka, Baba, wallahi lambar ta sauka. Na je na ƙaro. Ina dawowa na ɗora, ba a jima ba na ji ƙauri." Ta share ido da bayan hannu. "Na goge ruwan, na kulle, na tafi. Na ce da safe zan faɗa. Da na zo na tarar ana dukansa, sai bakina ya ƙi buɗuwa."

"Ya ƙi buɗuwa, amma da na tambaye ki ya buɗu ya ce lafiya lau."

Ta kama hannun rigarsa. "Baba, babu wanda ya iya karanta ƙasar nan sai kai. Ka ce ba ka ga komai ba. Za su sake shi, ai ba su da hujja. Ni kuwa in aka ji, wa zai ƙara ɗaukata aiki a layin nan? Da wane ido zan kalli mutane?"

Maganar ta shige shi, don ba ƙarya ta yi ba. Tsintsiya ɗaya ta isa lungun nan. Ko ƙafarsa ya ja a kai, magana ta mutu. Ita ce ƙaramarsa, ita ce ke shafa masa magani a gwiwa, ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ta tsaya ta koyi sana'a har ta iya. Ya tsaya yana kallon ɗigon.

"Ba za su sake shi ba," in ji shi. "Da suka rasa hujjar farko, a gabana suka ƙera ta biyu. La'asar ta kusa. Ko ki faɗa da bakinki, ko in faɗa da nawa. Naki ya fi."

Ya zare rigarsa daga hannunta.

* * *

Ciyaman ya tara mutane a gaban shagon. Aka fito da Mai Gyara aka tsayar. Ga Yanzu-Yanzu, ga Maigadi, ga Mai Ƙanƙara da aka kira ba ta san dalili ba. Auta tana jingine da bango a baya. Wani har ya riga ya fara auna rumfar Mai Gyara da ido.

Mai Sawu ya ce, "Ba a buɗe akwatin ba, wannan kun ji. Mai shago yana asibiti. Maigadi barci yake, abin da ya ji da kunne shi ya sayar muku a matsayin gani. Mai Gyara ta gaba ya shiga da safe, ta gaba ya fita, bai dawo ba. Wanda ya kashe kwamfutar nan ta baya ya bi, da yamma, ɗauke da ƙanƙara."

Mai Ƙanƙara ta dafe ƙirji.

Mai Sawu ya jira. Bai juya ya kalli bango ba, amma duk jikinsa kunne ne. Ya ba Auta lokaci har mutane suka fara gyaran murya. Babu abin da ya fito daga bayansa sai shessheƙa.

"Wane ne, Baba?" in ji Ciyaman.

"'Yata ce."

Tela ya ce, "Haba Baba, Auta? Ka sake dubawa dai."

"Kai ka sake duba ɗinkinka. Ni na san sawun gidana."

Sai Auta ta zame ta zauna a ƙasa, ta ce, "Ni ce. Ni na kai ta ɗaya da rabi. Shi ya hana, ni na yi."

Ciyaman ya sa aka ba Mai Gyara sukuddireba, ya kwance murfin a gaban kowa. Furosesar tana nan inda ya ɗaura ta, man da ya shafa mata ya bushe a kai, ba a taɓa ba. A gefenta allon da wutar ke bi ya yi baƙi, kuma daga sama zuwa wurin ƙunar ga farin layin da ruwa ya bi ya bushe.

Yanzu-Yanzu ya taso wa Auta. "Ke! Amanar da na ba ki ke nan? Kada in ƙara ganin ƙafarki..."

Mai Sawu ya gitta sandarsa a tsakaninsu. "Korarta hakkinka ne, shagonka ne. Ɓarnar kuma a kaina take, ban gudu ba, za mu zauna da Ciyaman. Amma ka rage murya. An gaya maka abu yana da iyaka, ka ce a ƙara. Da injin ya ƙi, ka juya kan mutum, ka ce ko ta gama ko ta bar aiki. Hannunta ne ya danna, ban wanke ta ba. Bulalar taka ce."

Yanzu-Yanzu ya juya, ya koma cikin shago.

Ciyaman ya fito da makullin kwaɗon ya ɗaga, ya duba wanda zai karɓa. Waɗanda suka fi kowa zafi da safe duk sun sami abin kallo a ƙasa. Mai Sawu ya karɓa, ya taka har rumfar, ya buɗe, ya miƙa wa Mai Gyara kwaɗon a hannu.

Mai Gyara bai yi godiya ba. Ya juya kwaɗon a tafinsa, ya ce a hankali, "Baba, da ka yi shiru fa?"

"Da yanzu kana bayan kanta."

"Ta san haka, tana kallo ana dukana."

"Ta sani."

Mai Gyara ya shiga rumfarsa ya zauna, ya juya wa layin baya. Da Mai Sawu ya waiwaya wurin bangon, Auta ba ta nan.

* * *

Matarsa ta tare shi tun daga soro.

"Malam, me ka yi wa yarinyar nan? Ta shigo ko sallama babu, ta kulle kanta a ɗaki. Maƙwabta sun riga ka zuwa da labari. A gaban kasuwa guda? 'Yar cikinka?"

"Aikina aka kira ni."

"Aikinka. To ka ci aikinka, ban dafa da kai ba."

Ya wuce ƙofar ɗakin Auta, ya jingine sanda, ya zauna a ƙasa da ƙyar, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Yana jin numfashinta ta bayan katako. Ya daɗe a haka.

"Auta."

Ba ta buɗe ƙofa ba. Ya ci gaba.

"Gobe da safe za ki je rumfar yaron nan ki ba shi haƙuri. Ba a lungu ba, a gaban waɗanda suka dake shi. In ya karɓa, to. In ya ƙi, hakkinsa ne, sai ki koma jibi."

Sannan muryarta ta fito, a dishe.

"Duk layin za su fito kallona, Baba."

"Za su fito."

"Ni kaɗai zan je?"

"Ni zan shiga gaba," in ji shi. "Ke ki biyo ni."